Injin Iskan Baba

Assalamu alaikum Baffa,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko gaisuwa a waya sai Mama ta tura ni. Ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ma lafiya, sai ƙafar Kaka da ke tashi lokaci-lokaci.

Baffa, maganar Baba ce. Wata biyar ke nan da aka buɗe sabuwar hanyar da gwamnati ta yi da kuɗin raya yankuna, wadda ta zagaye ta bayan gari. A makaranta Malam ya ce kaya za su riƙa isa kasuwa da wuri, arzikin yanki ya ƙaru. Haka na rubuta a jarrabawa, na kuma ci. Wataƙila gaskiya ne, don an gina gidajen mai uku a can. Amma tun ranar da aka buɗe ta, babbar mota ba ta sake bi ta ƙofar shagon facin Baba ba. Mai walda ya rufe, mai wankin mota ya tashi. Baba ya je neman wuri a bakin sabuwar hanya, aka ce an sa shinge, ba a tsayawa, gidajen man kuma suna da masu facinsu.

Duk da haka kullum da safe sai ya share ƙofar shago, ya tayar da injin iska. Ran nan na kai masa abinci, na tarar yana hura wata tsohuwar taya, ya sace iskar, ya sake hurawa. Da ya gan ni sai ya yi dariya, wai yana motsa injin ne kada ya manta aikinsa. Na kasa taya shi dariyar.

Yanzu ya ce wa ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ranar Asabar ya auna injin ya saya, wanda ku biyu kuka gada wurin mahaifinku. Mama ta ce in injin ya tafi, Baba ba shi da inda zai nufa da safe, kuma zaman ɗaki zai kwantar da shi. Ya hana kowa gaya maka, wai kana da naka nauyin. Na saɓa masa. Amma kai ne yayansa, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi kafin Asabar, kada dai ka ce ni ce.

A gaida Gwaggo da Yaya Babba da Auta.

In ka ba ni izini, ina so in sake rubutowa ranar Lahadi, in gaya maka ko mun ji ƙarar injin da safe.

'Yar ƙaninka ta fari