Fumfunar da Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga Yayana Sjoerd,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Anneke da yara kuna lafiya, Allah ya sa sanyin Kanada bai matsa muku ba. Kawu Wiebe ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma hawa keke, ka san shi da taurin kai.

Yaya, kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ka san aikin da na shekara huɗu ina yi: in haɗa ƙwayoyin fumfuna mai jawo ciwon huhu da sojojin jinin mutum, bayan awa shida in fasa sojojin da ruwa, in shafa abin da ya rage a farantin gwaji. Duk ƙwayar da ta tsira sai ta tsiro ɗigo guda, in ƙirga. Ɗigon ya yi kaɗan, muka ce sojojin sun kashe mafi yawansu. A kan wannan na gina kundin digirina kaf.

Ranar Laraba na leƙa ruwan ta madubin ƙara girman abu kafin in shafa, abin da ban taɓa damuwa in yi ba. Ashe ƙwayoyin dunƙulewa suke yi goma-goma, su tsiro ɗigo ɗaya, don ban girgiza su sosai ba. Na maimaita gwajin sau uku ina girgizawa har hannuna ya sage, farantan suka cika maƙil. Da ransu suke, Yaya.

Abokiyar aikina Lieke ta ce in bar kaza cikin gashinta, wai kowa haka yake ƙirgawa, in karɓi takardata tukuna. Ba zan ɓoye maka ba, na so in bi shawararta. Amma gobe wani zai ɗora maganin masu ciwon huhu a kan kuskurena. Jiya na kai wa shugabata, Farfesa Hoekstra, farantan. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce gara da muka gani da idonmu, za a ɗage ranar kare kundin da shekara guda, kuma ba ta yi alkawarin wani abu zai tsira daga cikinsa ba.

Saboda haka ka fasa ɗinkin baƙar kwat ɗin da za ka tsaya bayana da ita ranar kare kundin a watan Maris. Mama kuwa ba ta sani ba tukuna, ta riga ta gayyaci rabin unguwa walimar ranar. Gobe zan je in gaya mata, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ka gaishe da Anneke, da Douwe da ƙaramar Fenna.

Ƙanwarka,
Tjitske