Na Liƙe Littafin Darasinki

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya a duk inda kike.

Yau kwana tara da barinki gida, wayarki a kashe. Na je gidan gwaggonki a Shadawanka, na je wajen ƙawarki Ngozi a shagon babanta, kowa ya ce bai gan ki ba. Shi ya sa na rubuta a nan jarida inda jama'a za su karanta, ni da na hana ku kai maganar gida waje.

Fita ba sallama ba tarbiyyata ba ce, wannan kam sai na faɗa. Amma ba faɗa ne ya kawo ni ba.

Malaminku na kwalejin horar da malamai, mai koya muku tsara manhaja, ya aiko. Ranar Litinin zai je firamaren da aka tura ki a Miri ya duba koyarwarki ta gwaji. Idan bai same ki a aji ba, shekarar nan ta tafi a banza.

Ranar da hedimasta ya kawo ƙararki, wai kin ajiye littafin lissafi kin kwashi yara zuwa gona suna ƙirga dammunan dawa, ban tambaye ki dalili ba. Na ce yawo kike yi. Na yayyaga littafin tsara darasinki a gaban maƙwabta. Kika tsaya kina kallon takardun a ƙasa.

Na tsince su, na liƙe da gam. Wajen jera su ne na karanta. Ashe zuwa gonar yana cikin tsarin, da manufarsa, da sa hannun malaminku da jan biro. A bangon littafin kin rubuta abin da ya koya muku: idan yara ba su gane ba, malami ya duba hanyarsa kafin ya ɗauki bulala.

Shekara ashirin da biyu ina tarbiyyarki, ban taɓa duba tawa hanyar ba.

Shafi na bakwai ya faɗa kwata ya jiƙe. Abin da na iya ganewa na kwafe da hannuna. Littafin yana kan gadonki.

Ke ce 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, ko lokacin da kika kwanta a asibiti. Yau na ajiye alkunya a gaban kowa. Rukayya, ki dawo. In ba za ki iya haɗa ido da ni ba, ki aiko a karɓi littafin, ke dai ki shiga aji.

Allah Ya tsare ki, Ya sanyaya zuciyarki, Ya kai ki Miri ranar Litinin.

Mahaifiyarki, mai jiran sallamarki a ƙofa.