Mijina Zai Kai Ƴaƴan Mutane Kwana A Tsibirin Da Ruwa Ya Cinye

Inna Hawwa, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, don Asabar ta sama ce ranar taron da mijina zai yi da iyayen yara, ni kuwa zuciyata tafasa take yi.

Ba zan manta da wata Talata ba, bayan la'asar. Ina kishingiɗe a tabarma da littafi a hannu, saura shafi kaɗan in ga ko masoyan za su daidaita, sai ga maigidana ya shigo yana ta fara'a, da wata doguwar takarda a naɗe. Bari in kira shi Abdulaye. Mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, a nan Yamai, kuma shi ne shef, wato shugaban ƴan sikut ɗin unguwarmu. Ya shimfiɗa takardar a gabana, na ga zanen kogi, da kwale-kwale, da wani tsibiri da ya zagaye da jan biro. Inna, sai murna ta kama ni. Tun kafin aurenmu ya yi mini alkawarin wata rana zai ɗauke ni a kwale-kwale mu biyu, mu ga faɗuwar rana a tsakiyar ruwa. Shekara biyu ke nan ina jira. Kafin ya buɗe baki har na zaɓi mayafin da zan yafa, wani ruwan hoda mai ɗan ƙyalli a baki.

Ashe ba ni ba ce. Yara goma sha takwas zai kwasa a kwale-kwale uku, su gangara ƙasan Saga, su wuce gonakin shinkafa, su ratsa fadama, su kafa tantuna a tsibirin su kwana biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara fita daga bakina shi ne tambayar ni kuma fa. Na yi fushi, na yi kwana uku ina ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Na san wannan laifina ne, kuma shi ne ya ɓata mini duk maganar da ta biyo baya.

A rana ta huɗu ina share tebur na ɗaga takardar, a nan na karanta ta da idon basira. Bakansin ƙarshen Disamba, wato hutun makaranta, ya sa ranar tafiyar. Ya manna hotunan da ya ɗauka lokacin da ya je duba wurin, ga shi tsaye a kan farin rairayi ya naɗe ƙafar wando, ruwa ko gwiwarsa bai kai ba. Na juya bayan hoton na ga ya rubuta watan Mayu.

Inna, ni ƴar Gudel ce. A bakin kogi aka haife ni, dangin mahaifiyata duk masunta ne. Zabarmanci na fara ji, Hausata ma rabinta a kasuwa na tsinta, rabi a littattafai. Ko yaron goye a unguwarmu ya san kogin nan sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na damina, wanda kowa ya sani. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga can nesa ta Mali, ya yi watanni a hanya, ya iso mana lokacin sanyi, sama wasai babu ko ɗigon hadari. A Disamba kogi hawa yake yi, kullum ƙaruwa. Rairayin da ya tsaya a kai a watan Mayu yanzu sai doguwar sandar tuƙi ce za ta taɓo shi. Abin da zai rage na tsibirin nan, in ma ya rage, taɓo ne da ciyawar burgu, kuma daidai irin wurin da dorina take shiga da ɗanta ke nan.

Shi kuwa mutumin Maraɗi ne. A wurinsu gulbi da damina yake zuwa, da an ɗauke ruwa ya ƙafe, yara su buga ƙwallo a cikinsa. Lissafinsa shi ne tunda an ɗauke ruwan sama tun Satumba, to zuwa Disamba ai kogi ya ja baya. Da wannan lissafin zai ɗauki ƴaƴan mutane!

Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Kin san me ya yi? Dariya. Ya ce jiya ina fushi don ba a tafi da ni, yau kuma na ƙirƙiro ambaliya. Ya ce littattafan nan sun cika mini kai, wai macen da take kuka da hawaye don mutumin takarda ya mutu ai ba abin mamaki ba ne ta hango dorina a cikin kofin shayi. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini taswira, wai ga tsibirin nan fari tas daga sama. Na tambaye shi a wane wata aka ɗauki hoton, ya ce in bar masa aikin da ya yi shekara goma yana yi.

Wannan ce ta fi ƙona mini rai. E, ina karanta littattafai. E, ina kuka. Ƙawata Samira tana kawo mini su a jaka, ina cinye ɗaya a yini, wani lokaci har miya ta kama. Amma a wane littafi na karanta baƙin ruwa? Da idona na ga shekarar da ya shiga lambun kakata a tsakiyar sanyi, muka tsamo kabeji muna rawar ɗari. Don mace tana son labarin soyayya shi ke nan duk abin da ta sani ya zama tatsuniya?

Kada ki ɗauka mugun mutum ne. Wallahi yana son yaran nan kamar shi ya haife su. Yawancinsu a Yamai aka haife su amma ba su taɓa ganin kogi ba sai daga kan gada. Ya koya musu ɗaurin igiya iri-iri, da kafa tanti, da taimakon wanda ya ji rauni. Amma tuƙin kwale-kwale a filin lakwal ya koya musu, suna zaune a kan benci suna tuƙa iska da sandar tsintsiya. Rigunan ruwa goma ya samo aro, wai waɗanda suka iya iyo ba sa bukata. Ina suka iya iyon? Shi kansa a ɗan tafkin wanka na wani otel ya koya.

A al'adarmu ba a shiga wani yanki na kogi da baƙi sai an je an gai da babban masuntan wurin. Da na gaya wa Abdulaye, ya ce wannan camfi ne. Ba camfi ba ne, Inna. Tsohon ne ya san inda dorina ta haihu bana, da inda ruwa yake juyawa, da mashigar da ciyawa ta toshe. Na ce to mu je wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Yakuba, wanda ya tsufa a cikin kwale-kwale. Ya ƙi. Dalili kuwa, shi Bagobiri ne, Kawu Bazabarme, kin san wasan da ke tsakani. Tun ranar ɗaurin aurenmu Kawu yake tsokanarsa wai ya ba da ƴarsa ga mutumin da zai iya nutsewa a cikin tasar wanki. Abdulaye ya ce in ya je tambayar Kawu hanyar ruwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Wato gudun tsokana ya fi ran yara goma sha takwas?

Shekaranjiya maƙwabciyata Sakina ta shigo aron rariya. Ɗa ɗaya gare ta, yana cikin masu tafiyar. Ta ce da farko ta ƙi sa hannu a takardar izini, amma da ta tuna akwai ƴar bakin kogi a gidan shef sai hankalinta ya kwanta, don ta san ba zan bari a kai su wurin banza ba. Na tsaya riƙe da rariya, abin da na iya cewa kawai Allah ya tsare. Tun da ta fita nake jin kamar na yi mata ƙarya.

Na san abin da zai biyo baya in na tona. Za a ce na kunyata mijina a gaban mutane, ƙila iyaye su janye yaransu gaba ɗaya, aikin da ya gina shekara goma ya rushe, ni kuma ban san da wane ido zai sake dubana ba. Ina son mijina, Inna. Amma na gaji da a mai da ni mai mafarki.

Asabar ta sama zai tara iyayen a lakwal ya yi musu bayanin ƙarshe. Ya ce in dafa zoɓo in kai. Zan dafa, zan kai, in ajiye, sannan in miƙe a gabansu in faɗa musu tsibirin nan yana ƙarƙashin ruwa.

Ƴar Gudel, daga Yamai

*

Ƴata Ƴar Gudel,

Na fara da abin da ba ya jiran lallashi: maganarki a kan ruwa gaskiya ce. Kogin nan yana hawa lokacin sanyi, kuma wurin da aka duba a watan Mayu ba a kai yara kwana cikinsa a Disamba sai an sake dubawa. Yaro ko ɗaya ba ya shiga kwale-kwale babu rigar ruwa, ya iya iyo ko bai iya ba. Mijinki ya yi kuskure, ya kuma ƙara da wani da ya yi miki dariya. Karatun littafi bai goge abin da kika tashi kika gani a ƙofar gidanku ba.

Amma ke ma ki dubi naki. Kwana uku kina fushin mayafi, a na huɗu kika zo da maganar dorina. Ko ni ce sai na yi zaton fushin ne ya sake riga. Kuma mutumin da ya yi shekara goma yana ba ƴaƴan unguwa lokacinsa ba sakarai ba ne, baƙo ne a bakin kogi, ya auna shi da gulbin garinsu. A gyara masa lissafi ake so, ba a karya shi ba.

Abin da ban yarda da shi ba a shirinki shi ne jiran Asabar. In kika miƙe a gaban iyaye ba zato, dole ya kare kansa, sai a koma gardamar miji da mata, wasu su bi shef mai taswira, wasu su bi ki, tsibirin kuwa ba wanda ya je ya gani. Kina da kwanaki a hannu, ki yi aiki da su.

Yau ɗin nan, bayan ya ci ya huta, ki ba shi haƙuri a kan fushin farko, ki ce wancan daban wannan daban. Ki gaya masa abin da Sakina ta faɗa miki, ki kuma gaya masa a fili, ba da barazana ba, cewa ba za ki iya yin shiru ba. Sannan ki roƙe shi abu guda: ya je ya sake ganin wurin da idonsa kafin taron. Ba shef ɗin kirki da zai ƙi wannan.

Gobe ki tafi Gudel da kanki. Kada ki jira mijinki ya je roƙon Kawu Yakuba, ki sa Kawu ya aiko kiransa. Wasan da kike gani ya hana, shi ne zai sauƙaƙa, don abokin wasa yana faɗa wa mutum abin da wani bai isa ya faɗa ba, a yi dariya a wuce. Ki dai roƙi Kawu ya rage gishiri, ya kuma kai shi su gai da babban masuntan yankin. In sun isa tsibirin ya ga ruwa a inda ya tsaya ya ɗauki hoto, ba sai kin ƙara ko kalma ba. Kada ki ce masa ai kin faɗa.

Ki tanadar masa mafita, don soke tafiyar ne yake tsoro. Ana iya kafa tantuna a kan tudu a bakin kogi, a shiga kwale-kwale da rana, yara kaɗan-kaɗan daidai yawan rigunan, masunta na tuƙi. Ko a ɗaga kwanan tsibirin zuwa lokacin da ruwa ya ja baya, bisa shawarar masu wurin. Ki bari shi ya sanar da iyaye da bakinsa.

In ya ƙi zuwa, ya ƙi sauraron Kawu, to ku je ke da Kawu wurin shugaban da ke sama da shi a ƙungiyar sikut, ki kuma faɗa wa Sakina gaskiya, don amana ta ba ki. In duk wannan bai yi ba, ki miƙe ranar Asabar ki yi magana, ina bayanki. Ɓacin ran miji ana gyara shi, yaron da ruwa ya tafi da shi ba a dawo da shi.

Ranar da za su je dubawa ki ce da ke za a tafi, tunda kwale-kwalen kawunki ne. Ba ku biyu ba ne kamar yadda aka yi miki alkawari, ga tsoho a baya yana tsokana, amma ki yafa mayafin nan ruwan hoda, ki ɗora rigar ruwa a kai.

Allah ya tsare yaran, ya sanyaya zuciyarki, ya bar ku tare.

Inna Hawwa