Gadon da Gwaggo Ta Aiko Miki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, Ya kuma sauke ki lafiya idan lokaci ya yi. Mu a nan muna yadda Allah Ya ajiye mu. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya fara fita ƙofar gida da sanda. Mai ɗakina ta soma cin abinci kaɗan kaɗan, sai dai har yau ba ta shiga ɗakin yarinyar ba. Ni kuma na koma aiki. Ɗalibai suka miƙe suka yi mini ta'aziyya, na gode musu, muka ci gaba da darasi.

Wasiƙarki ta ta'aziyya ta iso, Allah Ya saka da alheri. A ƙarshenta kin ambata cikin murna cewa Gwaggo ta aiko miki da sabon gadon jariri mai koren fenti. Wannan layin ne ya zaunar da ni rubutu. Auta, gadon nan ba sabo ba ne. A cikinsa 'yata ta rasu.

An yanke shawara a gida cewa kada a tayar wa mai ciki hankali, shi ya sa aka ce miki barci ta yi ba ta farka ba. Ban yarda da wannan shawara ba, don haka ga yadda abin ya faru. A wurin 'yan gwanjo na sayi gadon. Mai sayarwar ya buga masa tafi, ya ce yara uku ne suka girma a cikinsa. Na girgiza shi, na duba ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, na wanke shi da ruwan zafi na shanya. Katifarsa ta mutu, sai na sa mai katifa ya yanko sabon soso. Da ido ya auna, soson ya gaza, aka sami rami tsakaninsa da sandunan gadon. Na naɗe tawul na cusa a wurin. Ni na cusa, da hannuna. Ranar Talata bayan azahar uwarta ta shayar da ita, ta kwantar da ita, ta fita shanya. Watanta bakwai, ta iya juyi. Tawul ɗin ya nutse, fuskarta ta faɗa ramin. Ko kuka ba a ji ba.

A asibiti tambaya ɗaya likita ya yi mini: yatsu nawa ne ke shiga tsakanin katifar da katakon? Ya ce idan sun wuce biyu, ba a kwantar da jariri a wurin. Da na dawo na sa hannu, huɗu suka shige. Shekara goma sha shida ina koyar da awo, ina rage wa ɗalibai maki a kan abin da bai kai faɗin farce ba.

Bayan an watse daga zaman makoki na sa gadon a sito, na kulle, na ce kada wanda ya taɓa shi. Ranar da na koma aiki Gwaggo ta karɓi makullin a hannun mai ɗakina, wadda ba ta da ƙarfin yin musu, ta kira kafinta ya shafe shi da fenti, ta ɗinka wa katifar nan sabuwar riga, ta ɗora a mota. Da na tambaye ta, sai ta ce katako ba ya kashe mutum, kwana ne ya ƙare. Kuma asara ce a bar wa gara gado mai kyau irin wannan alhali ga ki kina jiran haihuwa. Ta ƙara da cewa karatu ne ya yi mini yawa har nake tuhumar ƙaddara. Yaya Babba ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, ita ta goye mu. Mai katifa kuwa, da na koma wurinsa, ce mini ya yi haka yake yanka wa kowa, ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba.

Ban ɗaga wa kowa murya ba. Na durƙusa a gaban Gwaggo kamar yadda na saba, na ce mata, "Na yarda da ƙaddara, Gwaggo. Amma ramin nan ma kin aika mata da shi." Duk da haka ta ƙi gaya miki gaskiya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: an fi jin tsoron ɓacin ranki na yini ɗaya a kan ran ɗanki.

Saboda haka kada ki kwantar da jariri a gadon nan, ko na ɗan lokacin da za ki ɗebo ruwa. Kada ki ba wa maƙwabciya, kada ki sayar wa 'yan gwanjo, domin haka ya zo hannuna. Ki sa maigidanki ya farfasa shi a gabanki. Duk gadon da za ki saya, ki gwada shi da yatsunki. Katifa ta zama mai tauri, ta cika shi maƙil, babu matashi, babu tawul, a kuma kwantar da yaro a rigingine. Idan Gwaggo ta ji haushi, ki ce ni na umarce ki.

Baba yana sa miki albarka. Yaya Babba da mai ɗakina suna gaishe ki. Ki gai da maigidanki da surukarki da kyau.

Idan kina shakkar cewa gadon ne, ki shafa sandar sama ta gefen hagu da yatsa. A ƙarƙashin fentin za ki ji ƙananan ramuka biyu kusa da juna. Haƙoranta na ƙasa ne, sati uku da fitowarsu. Kafin a farfasa sauran, a yanko mini wannan sandar, a aiko mini da ita.

Wassalam.

Yayanki,
Malam