Ba Komin Aladu Ba Ne

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. 'Yarka Rifkatu ce. Labarin jirginka na ruwa na kawo maka, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci.

Da muka binne ka, ƙanenka Baffa Istifanus ya sa aka jawo jirgin daga kogin Galma aka kife shi a tudu, wai don kada ruwa ya ci shi. Rana ta gasa shi rani guda. Gefen hagu ya kantare, ciki ya tsage har hannuna yana shiga. Sai Baffa ya daina kiransa jirgi, ya koma cewa komi. Ka san komi iri biyu ne, na ruwa da na dabbobi. Shi na dabbobin yake nufi, zai kai shi Samaru ya riƙa zuba wa aladunsa dusa.

Jirgin da ka saya tsoho a hannun wani Banufe, ka yi ta lallaɓa shi kana ƙetarar da manoma har muka gama makaranta! Na ce ba a isa ba.

Na hau acaɓa zuwa kasuwar Sabon Gari, na sayo kwalta da auduga da ƙusoshi. Na cusa auduga a tsagar, na narka kwalta na shafe, na buga langa-langa a kai. Har yanzu da tabon ƙuna a yatsana. Daga nan na tokare gefen da itace, na cika cikinsa da duwatsu na nutsar da shi. Ka sha gaya mini ƙishirwa ce ke karkata katako, a bar shi ya sha.

Gari ya ɗauka baƙin ciki ya taɓa mini kai. Har a zumuntar matan coci aka yi mini addu'a. Na ce amin, ban yi wa kowa bayani ba.

Baba, da na kwashe duwatsun na fito da shi, gefen ya miƙe. Bai yi yoyo ba. Da na kama filafilinka sai da na yi kuka.

Jiya Baffa ya zo zai ƙetare zuwa gonarsa. Na gaishe shi har ƙasa, na roƙe shi ya gaya mini sunan abin da zai shiga. Ya ce jirgi.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ya riƙe hannuna a kan ruwan nan. Amin.

'Yarka mai taurin kai,
Rifkatu