Farfesa ta ce sai Baba ya gane kafin in hau dandamali

Goggo mai daraja, ki agaza mini, domin nasara na neman suɓuce mini a bakin ƙofa.

Ni matashi ne da ya kammala digiri da sakamakon da ya girgiza tsangayarmu, ba yabon kai ba. Yanzu ina ɗakin binciken wata Farfesa da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan sankarar ɓargon ƙashi, musamman yadda ƙwayoyin halitta ke rusa furotin, wato sinadarin da suke aiki da shi. Bincikenta na cikin abin da likitoci suka dogara da shi wajen zaɓar wa mahaifina magani. Baba tela ne. Cutar ta ci masa ƙashin baya har zaman keken ɗinki ya gagare shi. Yau alhamdulillahi cutar ta lafa, ƙarar kekensa daga shagon ƙofar gida ke tashin mu. Shi ne ma ya ɗinka mini rigar da zan sa a babban taron masana, inda Farfesa ta zaɓe ni in gabatar da sakamakonmu.

Ga matsalar. Farfesa na da wata ƙa'ida mai ban takaici: ba ɗalibin da zai hau dandamali sai ya yi wa majiyyaci bayani ya gane. Ta zaɓa mini Baba. Na je shagonsa na kwararo masa balaga a kan tsarin rushewar sinadarai da daidaiton ƙwayoyin halitta. Ya saurara da allura a baki, ya sa mini albarka, sannan ya tambaya ko hannun rigar ya yi mini. Ƙanwata da ke wurin har yau dariya take. Farfesa ta ce in na sake faɗuwa, wani zai hau a madadina.

To me ake so in ce? In ce ƙwayar halitta gida ce mai kwandon shara, ita kuma ƙwayar cutar ta fi kowa tara shara, sai wani magani ya toshe kwandon har dattinta ya shaƙe ta? Ko in ce wani maganin yakan liƙa wa kayan aikinta alamar shara, ta kwashe da hannunta ta zubar? Ai wannan ƙasƙantar da ilimi ne! Shin ba tauye mini haƙƙi ake yi ba?

Naki, Zakaran Tsangaya

Ɗana Zakara,

Barka da lafiyar Baba, barka kuma da zaɓen da aka yi maka. Ba a ɗora wa rago irin wannan kaya. Kalmominka manya ma ba laifi ba ne, da gumi ka same su, kuma a zauren masana za su yi maka rana.

Amma Farfesa ba ta tauye ka ba. Ƙashin Baba ne ya yi ciwo, jininsa aka ɗiba, don haka ya fi duk mahalarta taron haƙƙin sanin abin da ya tayar da shi. Tambayar hannun riga kuwa kara ce irin ta iyaye, ya ƙi ya kunyata ka ne.

Ni ban taɓa leƙa madubin bincike ba, amma da na zo kan zancen kwandon shara na gane aikinku sarai. Abin da kake nema ka riga ka rubuta shi cikin fushi. Ka koma shagon, ka zauna ƙasa da shi, ka faɗa masa haka nan. Mutumin da ya saba sa wa yadi alli kafin ya yanka ba zai kasa gane alamar shara ba. In ya ajiye allura ya jefo maka tambayar da ba ta shafi riga ba, ka ci jarrabawa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa rigar ta hau dandamali da mai ita.

Goggonku