Ranar da Na Babbake Kaina Dominka

Zuwa ga maigidana, Alhajina, inuwar da nake fakewa, ruwan randata mai sanyi, farin watan da ya tsaya mini tun ina yarinya har yau bai faɗi ba! Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, wadda ta fi matakalar unguwarmu ta Highbridge a ƙasar Turawan nan tsawo, ta fi dusar ƙanƙarar garin nan yawa. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Najat ce take rubuta min, maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu, tunda ka san ni da biro sai kallo. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa, kada ta gyara.

Alhaji, me na yi maka? Tunda ciwon nan ya shanye maka ɓarin jiki aka kai ka gidan jinya, duk zuwan da na yi sai ka juya fuska bango. In sha bas da gwiwoyin nan nawa masu kuka kamar tsohon ƙyaure, in zo in zauna ina hira da ƙeyarka! Jiya kuma autarmu Mariatu take gaya min wai ka ce kada a ƙara kawo ni, ba ka so in ga bakinka a karkace, yawu na zuba. Ni? Ni kake jin kunya? Haba sanyin idona! Ka manta wadda ka aura ne?

To bari in tuna maka. Muna Fagge, ba a daɗe da ba mu mulkin kai ba, ni kuma ko lallen amarcina bai gama gogewa ba. Lokacin ne matan Sabon Gari suka tsiro da wani gyaran gashi, a miƙar da shi a tara shi can sama kamar an kifa tulu a ka. Najat ta ce wai Turawa amya suke ce masa. Gaskiyarsu. Ka dawo daga shagon ɗinki, bakinka ya suɓuce ka ce ya yi wa wata ma'aikaciyar gidan waya kyau. Shi ke nan, zuciyata ta tafasa. Na raina doka, na raina shuku, na raina zanen yawon da uwata ta raine ni da shi. Na aro matajin ƙarfe na tura a garwashi. Wa ya gaya min ana fara gwada shi a tsumma? Ni a wautata, iya zafinsa iya kyan aikinsa, na bar shi sai da ya yi ja kamar a maƙera. Na laɓta man shanu, na ɗora. Cuuu!

Wayyo Allah, ƙauri! Har daga gidan da ke bayanmu aka aiko da kwano, wai in an gama babbakar kan akuyar a sam musu romo. Najat, daina dariya ki rubuta. Duk da haka ban haƙura ba fa. Ɗan abin da ya tsira na tattara, na cusa soson wanka a ciki, na ɗaure da zare, na hau gado na harɗe ina jiranka. Gefe ɗaya hasumiya, gefe ɗaya gonar da aka yi wa ƙuna. Ni a dole 'yar birni!

Ka shigo, ka tsaya, ka kalle ni. Ka fita zaure ka yi dariyarka, kada ka zaci ban ji ba. Amma da ka dawo, aska ce a hannunka. Ka ƙi kiran wanzami, ka ƙi kiran mai kitso, don kada labarina ya riga ni zuwa gidan suna. Ka zaunar da ni a gabanka ka aske da kanka, kana hura min inda ya saɓule. Kullum da safe kai ne shafa man kaɗe a kan nan mai ƙyalli kamar bayan ƙwarya, ba ka taɓa kawar da ido ba. Zumana, ruwan samana na farkon damina, wane namiji ne zai yi haka?

Kuma na yi hankali? Ina! Na yi kitson zare ya miƙe cako-cako kamar eriyar rediyo, a zaune nake gyangyaɗi. Na sayi gashin kanti na ɓoye a ƙarƙashin gado, kaza ta same shi ta yi ƙwai a ciki. Yau ga shi ba wuta ba aska, gashin ya yi ritaya da kansa, abin da ya rage ko kitso biyu ba zai yi ba. Haƙoran ma a kofi suke kwana. Wannan ce sarauniyar kyan da kake ɓoye wa fuska?

Alhajina, gidan nan ya yi min faɗi. Hitar ɗumama ɗaki na ta ƙara, amma sanyi nake ji. In dafa shayi in zuba kofi biyu, sai in tuna. Ni ba bakinka na aura ba, kai na aura, karkatacce ko miƙaƙƙe. Yawun nan da kake ɓoyewa, nas ɗin da ba ta san sunan babanka ba ta fi ni cancantar goge shi ne? Kada ka hana ni ladana, don girman Allah. Mu nawa ya rage mana da za ka riƙa kyautar da kwanakinmu ga bango?

Ranar Juma'a ina nan tafe, ko Mariatu ta kawo ni ko ta ƙi. In ka juya min baya, wallahi tsakanin gadon da bangon zan kutsa, kuma ka san jikina, maƙalewa zan yi, sai an kira 'yan kwana-kwana sun zaro ni a gaban Turawa. In kana so ka rufa wa matarka asiri, to ka juyo tun ina bakin ƙofa.

Taka ce ni, da gashi ko babu, yau da gobe har ranar da za a naɗe ni, in Allah ya yarda can ma a haɗa mu.

Tsohuwarka,
Tahiratu